YAWON BUƊE IDO: DAGA BARO ZUWA KADUNA

Jama'a, a darasin da ya wuce mun koyi karanta allon tasha da tikitin mota. Yau za mu fita waje, mu ga inda wannan karatu ya kai waɗansu 'yan'uwanku.

Tafiya iri iri ce. Akwai fatauci, akwai cin rani, akwai ziyarar dangi, akwai tafiya neman ilmi. Akwai kuma wadda a ke kira yawon buɗe ido. Watau mutum ya bar gida ba don saye ba, ba don sayarwa ba, sai don ya ga wuri da idonsa, ya san labarinsa.

Ran da muka fara kawo wannan magana a ajinmu na Unguwar Shanu, wani dattijo mai sayar da itace ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai wannan shi ne yawon banza. In biya kuɗin mota don in je kallon ruwa? Ga ruwa nan a Kabala, kyauta."

Ba mu yi masa gardama ba, gama kuɗi da wuyar samu su ke. Muka ce, "Baba, zo mu tafi tare. In mun komo, kai za ka yanke mana hukunci."

Muka kafa adashi. Kowane mako kowa ya kawo abin da ya iya, wani tela daga cikin ɗalibai yana rubutawa a littafi. Da kuɗi suka taru, mu 14 muka yi shatar mota. Kafin mu tashi muka rubuta yarjejeniya da direba: inda za shi kai mu, kwana nawa, da abin da za mu biya. Ya sa hannu, mu ma muka sa. Ku riƙe wannan takarda a zuciya, za mu komo kanta.

Wurare biyu muka yi niyyar gani. Na fari wani ƙaramin gari ne a bakin Kogin Kwara, sunansa Baro. Na biyu kuwa garinmu ne, Kaduna. Za ku ce, wa ya ke zuwa yawon buɗe ido a garinsu? Ku dai biyo mu.

HANYA

Cikin watan Maris ne, ana tsananin zafi. Muka yi sammako bayan sallar asuba, domin mun yi shawara ba za mu yi tafiyar dare ba ko kaɗan. Muka ƙetare gada, muka bi hanyar Abuja, sa'an nan muka ratse yamma zuwa Lambata. Daga nan sai Lapai, sai Agaye. Wannan ƙasar Nufawa ce, cikin Jihar Neja. Sarkinsu ana ce da shi Etsu. Kowane allo muka tarar a bakin hanya, ɗalibai su ke karanta shi da ƙarfi, har direba ya gaji da mu.

A Agaye muka bar babbar hanya muka nufi Katcha. Nan hanya ta ɓaci. Da direba ya ga ramuka sai ya tsaya, ya kashe mota. Ya ce shi Agaye aka ce ya kawo mu, in muna son gaba sai mu ƙara kuɗi. Tela bai ce masa kome ba. Ya zaro takarda daga aljihu, ya karanta ta a hankali, baƙi bayan baƙi, har ya zo kan kalmar Baro. Direba ya yi shiru, ya tā da mota. Daga baya mun ƙara masa ɗan abin shan mai don kanmu, gama gaskiya hanyar ta wahal da motarsa. Amma kyauta dabam, tilas dabam.

BARO

Da la'asar sakaliya muka hango wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai. A gindinsa garin ya ke. A bakin gari akwai allo. Muka ce kowa ya yi shiru, Baba mai itace ne zai karanta. Ya ƙura ido. Ya ce, "Ba." Ya ɗan tsaya. Ya ce, "Ro." Sa'an nan ya haɗa, ya ce, "Baro!" Mota ta ɗauki tafi.

Baro ba babban gari ba ne. Amma wanda bai taɓa ganin Kwara ba, in ya tsaya a bakin kwata, watau inda jirage ke tsayawa, sai bakinsa ya mutu. Kogin Kaduna da mu ke taƙama da shi, in an gwada shi da wannan, ƙane ne. Ba ma ƙane kaɗai ba, bara ne mai kai gaisuwa: daga tsaunukan Jos ya ke tasowa, ya ratsa garinmu, ya yi tafiyar wajen kilomita 550, ya zuba ruwansa cikin Kwara daura da Fategi. Daga can ruwan ya gangaro ya wuce ta gaban Baro. Muka ce wa Baba, "Ruwan Kabala da ka ce mu tsaya mu kalla, ga shi nan ya riga mu zuwa."

Da yamma masunta suna komowa. Kwalekwale bayan kwalekwale, ana jan su bisa yashi. Mata suna jira da kwanduna. Ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga giwan ruwa wanda sai yaro ya rungume shi da hannu biyu. Bayan gidaje hayaƙi na tashi, ana yin banda. Yara ƙanana, waɗanda a garinmu ko bakin rijiya ba a bari su je, suna tuƙa jirgi su kaɗai. Rana ta faɗa cikin ruwa, kogi ya yi ja wur. Wani ɗalibi ya ce ko nan muka tsaya kuɗinsa ya fita.

Amma ba don kifi kaɗai muka zo ba. Da gari ya waye muka bi wani dattijo Banufe, ya kai mu bayan gari. Cikin ciyawa muka ga ƙarafan dogo sun yi tsatsa. Ga kangon tsohuwar tasha. Ga manyan rumfunan ajiya, kwanonsu ya huje. Wanda bai san labari ba zai ce juji ne. To, ga labarin.

A shekarar 1900 Turawan Ingila suka ɗaga tutarsu a Lakwaja, Gwamna Lugga ya zama shugabansu a Arewa. A 1902 suka kai hedkwatarsu Zungeru. A 1903 suka ci Kano da Sakkwato. A lokacin babu mota, babu titi. Kaya duka a kan mutum su ke tafiya, ko jaki, ko raƙumi. Turawa kuwa suna bukatar auduga don masaƙunsu na Ingila, sun kuma ji labarin audugar Zariya da Kano. Yaya za a kai ta bakin teku?

A 1907 aka aiko sabon Gwamna, sunansa Girouard, mutumin Kanada, gwanin aikin reluwe. Shi ya tsaya a kan a shimfiɗa dogo daga bakin Kwara zuwa Kano. Aka zaɓi Baro, domin in kogi ya cika, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, jirgin ruwa mai nauyi yana iya hawowa daga teku har nan. Saboda haka ƙarafan dogo, da taragu, da kan jirgin kansa, duk ta ruwa suka zo daga Ingila, aka sauke su a wannan gaɓa da muka tsaya.

Wa ya yi aikin? Littattafai su kan ambaci sunan Gwamna da injiniyoyinsa. Amma waɗanda suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta cikin kwando a ka, talakawa ne: Nufawa, da Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Hausawa. Da yawansu ba don suna so suka je ba. Turawa su kan aza wa sarki yawan mutanen da zai kawo, sarki ya aza wa hakimi, hakimi ya aza wa dagaci. Mutum ya bar gonarsa ya tafi aikin tilas. Wannan ya kamata mu faɗe shi, kada wani ya ga dogo ya ce daga sama ya faɗo.

Dogo ya tashi daga Baro, ya bi ta Katcha da Badeggi, ya kai Minna, mil 111. Daga Minna ya yi arewa, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya bi ta Rigacikun da Zariya. A 1911 ya isa Kano. Tsawonsa duka mil 356 ne. Ga ɗan lissafi: in daga Baro zuwa Minna mil 111 ne, mil nawa ne daga Minna zuwa Kano? Ku yi shi a allo kafin ku ci gaba.

Abin dariya, audugar da aka yi wahalar dominta ba ita ta cika taragu ba. Manoman Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuma ba a saya ba ana iya cinta. Tun daga 1912 gyaɗa ta yi ta kwarara tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Asalin dalar gyaɗa ke nan.

To, me ya sami Baro? Akwai wani dogo da ya taso daga Ikko, watau Legas. Ya zo ya haɗu da na Baro a Minna. Da fari a Jebba sai an yi fiton taragu cikin jirgin ruwa. A 1916 aka gama gadar Jebba. Daga ran nan kaya suna iya tashi daga Kano su sauka Ikko ba a sauke su a hanya ba, rani da damina. Baro kuwa sai ta jira kogi ya cika. Ciniki ya riƙa janyewa kaɗan kaɗan. Kamfanonin Turawa sun ci gaba da ɗaukar kaya ta ruwa shekaru da dama, amma daga baya motoci suka zo, jirgin ƙasa ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo.

An yi ƙoƙarin tā da garin. A 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka soma yashe kogi daga Warri zuwa Baro. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa. Mun gan ta, ginin yana da kyau. Amma ran da muka je ba mu ga jirgin kaya ko ɗaya ba. Ruwa ya janye, tsibiran yashi sun fito tsakiyar kogi, shanu suna kwance a kai. Tasha ba ta rayuwa sai da abu uku: ruwa mai zurfi, da hanya mai kyau, da kayan ɗauka.

Kafin mu bar garin muka hau tsauni. Hawan da wuya, biyu daga cikinmu suka zauna a rabin hanya. Daga bisa ana ganin kome kamar a tafin hannu: kogi, da fadamun shinkafa, da gari, da layin da dogo ya bi ya nufi arewa. Muka nuna layin muka ce, "In kun bi wannan da ƙafa, ba ku ratse ba, a Kaduna za ku fito."

Waɗansu suka so a zaga da su cikin kwalekwale. Muka yarda, amma da sharaɗi: da rana, da rigar ruwa, ba kuma a cika jirgi ba. Wanda ya ga wannan tsanani ne, ya tuna da watan Yuni na 2023, sa'ad da jirgi ya kife da 'yan biki da dare a wajen Fategi, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kwara ba ta san baƙo ba.

KADUNA

Kwana biyu muka yi, muka juyo. Da muka iso Kakuri ɗalibai suka fara tattara kaya. Muka ce a'a, tafiya ba ta ƙare ba, saura rabi. Gobe kowa ya sa rigarsa mai kyau, ya fito kamar baƙon da bai taɓa ganin Kaduna ba.

Ku lura da wannan. Kano da Katsina da Zariya tsofaffin birane ne, suna da ganuwa da ƙofofi. Kaduna ba ta da ganuwa. Me ya sa? Domin ba sarki ya kafa ta ba, dogo ya kafa ta. Kafin jirgi ya zo, ƙauyukan Gbagyi ne a nan, cikin ƙasar Zazzau. Hausawa sun ce sunan daga kada ya fito, saboda yawan kadduna a kogin. Gbagyi kuwa sun ce daga kalmarsu ce mai nufin kogi.

Zungeru ta dami Turawa da zafi da sauro. Da Gwamna Lugga ya komo a 1912, ya nemi wani wuri. Ya ga inda dogon Baro ya ƙetare Kogin Kaduna. Ga ruwan sha, ga fili, ga jirgi, ga shi kuma ba a cikin birnin wani babban sarki ba. Daga 1913 aka soma kawo soja. A 1917 hedkwatar Arewa ta tashi daga Zungeru ta komo nan. Ku ƙidaya: shekara 6 kacal bayan dogo ya isa Kano.

Muka fara da lambun Gamji a bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A ciki akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da katako, ba ta fi taku ashirin ba. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, don Gwamna ya riƙa ƙetare rafi daga gidansa. Daga baya aka kwance ta aka kawo nan, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Cikin mu 14, mutum 3 kaɗai suka taɓa ganinta, alhali kuwa galibinmu a Kaduna aka haife mu.

Daga nan muka bi faffaɗan titin nan mai itatuwa, har muka hango ƙubbar Majalisar Lugga tana ƙyalli a ƙarshensa. Wanda ya tsara wurin ya san abin da ya ke yi: tun daga nesa ginin ke cika maka ido. A cikinsa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa suka riƙa zama. Yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke ciki. Kusa da shi ga Dandalin Murtala, wanda dā filin sukuwa ne. A nan aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956. A nan aka yi bikin samun mulkin kai na Arewa a 1959. A nan kuma aka yi babban hawan daba na 1977, dawaki da raƙuma daga kowace masarauta.

Da azahar muka yi salla a Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, wanda aka gina a 1962. Sa'an nan muka taka zuwa Gidan Arewa a titin Rabah.

Nan muka daɗe. Gidan Sir Ahmadu Bello ne, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Arewa daga 1954. A nan sojoji suka kashe shi da matarsa Hafsatu ran 15 ga Janairu, 1966. Daga baya aka mai da wurin gidan ajiyar tarihi, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai hotuna, akwai tsofaffin takardu na boko da na ajami. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta ko wane ne. Dā ɗalibanmu sai su wuce hoto su ce, "Wani babban mutum ne." Ran nan kuwa sai ka ga mutum ya duƙa, yana bin baƙaƙe da yatsa, ya ɗago ya kira abokinsa, "Zo ka ga Tafawa Ɓalewa!" Ba wanda ya ɗaga murya ban da wannan. Wuri ne mai sa mutum ya yi shiru.

Bayan rasuwar Sardauna, a 1967, aka raba Arewa jiha 6. Kaduna ta zama hedkwatar ɗaya daga ciki, ba ta dukansu ba. Wani ɗalibi ya tambaya, "Malam, to, me ya sa ba ta zama kamar Baro ba?" Tambaya ce mai kyau. Baro ƙafa ɗaya gare ta, watau sauke kaya daga ruwa zuwa dogo. Da aka sare ƙafar sai ta zauna. Kaduna kuwa kafin lokacin ta yi ƙafafu da yawa: barikin soja, da makarantar horon hafsoshi ta 1964, da masaƙar Kakuri ta 1957, da gidan rediyo na 1962, da jaridar New Nigerian ta 1966, da kasuwa. Amma kada mu yi alfahari da yawa. Masaƙun nan da suka ciyad da dubban gidaje, galibinsu sun rufe. Wanda ya ga rumfunan Baro, in ya bi ta Kakuri, zai ga kama.

Gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, a gurguje muka shiga, gama yamma ta yi. Mun dai ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda mutanen kudancin jiharmu suka gina fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wannan sai mun ware masa rana tasa.

Da za mu koma gida muka ce direba ya bi ta cikin gari a hankali, a karanta sunayen tituna. Ga titin Kano, ga titin Katsina, ga titin Jos, ga titin Ibadan, ga titin Abeokuta. Gari ne na baƙi, kowa ya zo ya tarar da sunan garinsu a bango. Akwai kuma wanda tsofaffi har yanzu su ke kira titin Waf, ko da ya ke an sake masa suna zuwa na Muhammadu Buhari. Waf ɗin nan ba sunan mutum ba ne. Baƙaƙen farko ne na sunan rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kawo nan tun 1913.

Muna cikin tafiya sai Baba mai itace ya buga jikin mota, ya ce a tsaya. Ya sauka, ya je gindin wani allo, ya daɗe yana dubawa. Ya komo ya ce, "Malam, Bida aka rubuta, ko idona ne?"

Muka ce, "Bida ce, Baba."

Ya ce, "Bida ta Nufawa? Ta kusa da inda muka fito?"

Muka ce, "Ita fa."

Ya riƙe baki. Ya ce, "Shekara talatin ina turo itace ta wannan titi."

Tela ya ce, "To, Baba, hukunci fa? Yawon banza ne?"

Ya ce, "Kai dai buɗe littafinka. Ka rubuta sunana a adashi na gaba. Amma wannan karo Zungeru za mu, in ga inda aka ciro gadar nan."

Aikinku na wannan mako ga shi. Kowa ya rubuto sunan titi 5 da ya ke bi tsakanin gidansa da wurin sana'arsa. Wanda sunan gari ne, za mu neme shi a taswira. Wanda sunan mutum ne, ku tambayi dattawan unguwa ko wane ne, ku zo mana da abin da suka ce. Amsar lissafin Minna zuwa Kano kuma, a kawo ta a rubuce.